Bidiyon Baba Ya Ƙi Buɗewa

Assalamu alaikum 'yan uwa masu bibiyata. Na ga saƙonninku, masu yi min ta'aziyya da masu tambayar ko lafiya na yi shiru. Allah ya bar zumunci. Gaskiya ba lafiya ba. Ga wanda yau ya fara karanta ni, sunana Ihsan, ni ce auta a gidanmu, a Garki Area 2 muke, cikin gidajen nan na ma'aikata da fentinsu ya daɗe da gajiya. Aikina haɗa bidiyo. A kawo min abin da aka ɗauka a biki ko taro, in yanke, in jera, in daidaita sauti, mai shi ya karɓa yana murmushi. Bukukuwan mutanen da ban sani ba da na gyara ba su ƙirguwa, amma fayil ɗaya tal da ya shafe ni ya ƙi buɗewa, kuma shi kaɗai ne a duniya yake ɗauke da Babana yana magana.

Baba mutum ne da bai yarda da kamara ba sam. Ko da Sallah in muka jeru za a ɗauka, sai ya tuna yana da alwalar yi. Wayarsa ƙarama ce mai maɓalli, bai taɓa tura wa kowa saƙon murya ba. Hotonsa da muke da shi ɗaya ne, na katin aiki, ya ɗaure fuska kamar an kama shi da laifi. Da bikin yayata Anti Kubra ya zo, sai da ta yi masa kuka kafin ya yarda a ɗauki nasihar da zai yi mata ranar kai amarya. Ya kafa sharaɗi: ba babbar kamara, ba fitila.

“Ni ba ɓarawo ba ne da za a riƙa haska ni,” in ji shi. “Mutum ɗaya ya shigo, ya gama ya fita.”

Mutum ɗayan nan shi ne Ikrama. Kun san shi, shi ne wanda nake so, mai ɗaukar bidiyo ne, a Mpape yake haya. Ni na nace a ba shi aikin bikin, don ina so gida su ga hankalinsa da idonsu. Ya ajiye babbar kamarar, ya shiga falon Baba da wata ƙarama da ba ta wuce tafin hannu ba. Ni ina waje ina fama da 'yan rakiya, Mama kuwa kun san iyaye mata ranar da za a fitar da 'ya, ta shige ƙuryar ɗaki ta rufo ƙofa. Daga Baba sai amarya a lulluɓe da gwaggonmu da ta riƙo ta, sai Ikrama.

Ko wata ba a rufa da bikin ba Baba ya faɗi a hanyar dawowa daga masallaci. Kafin a kai asibiti rai ya yi halinsa. Ba zan iya ba ku labarin wannan ranar ba tukuna, ku yi min uzuri.

Bayan an share makoki, gida ya yi shiru irin wanda ke sa a ji ƙarar firji, Mama ta kira ni ɗakinta. Tana zaune a kan darduma cikin farin hijabinta na takaba, ba kwalli ba ɗan kunne, ta rame har zoben hannunta ta cire don yana zamewa.

“Auta, wannan abin da aka ɗauki Babanku, yana wurinki?”

“Yana nan Mama.”

“Ki sa min in gan shi. Fuskarsa nake nema a raina, sai ta riƙa guje min. Na katin nan ba shi ba ne.”

Da saurina na ɗauko laftof, har ina jin daɗi wai yau aikina zai yi wa uwata rana. Na buɗe manhajar editin, na jawo fayilolin bikin gaba ɗaya. Kamu ya shiga, ɗaurin aure ya shiga, walima ta shiga har da matar da ta yi ta cusa naman kaza a jaka. Na Baba kaɗai ya tsaya. Inda hoto ya kamata ya fito sai jan allo, da rubutun cewa ba a gane irin wannan fayil ba. Na dake na ce mata kwamfutar ce ke wasa, gobe zan gyara.

Jama'a, goben nan ta yi ta haihuwar gobe. Ba abin da ban gwada ba. Na sauya masa suna ko akwai harafin da manhajar ba ta so. Na kwafe shi daga memori zuwa cikin laftof, na sake kwafewa a filash. Na gwada duk abin kunna bidiyo da na sani, har wanda ake cewa ko dutse ka ba shi zai kunna. Na sabunta manhajar, na sauke ta na sake ɗorawa. Na miƙa shi ga abin da ke juya bidiyo zuwa wani nau'i, ya kalle shi ya tofar. Kullum in na dawo daga aiki Mama ba ta tambaya da baki, fuskata kawai take kallo, in ta ga amsar sai ta ce in je in ci abinci. Wannan shirun ya fi min zagi ciwo.

Na kira Ikrama na tambaye shi.

“Batir ne ya mutu ana cikin ɗauka,” ya ce a hankali.

“Kuma ba ka gaya min ba?”

“Na ɗauka abin da ya shiga ya shiga. Wallahi ban san zai ƙi buɗewa ba.”

Rashin sa'a, Yaya Sadisu, babban wanmu, yana bakin ƙofa yana ji. Dama can bai taɓa son maganar Ikrama ba, Baba ne ke taka masa burki. Tun rasuwa shi ne uba a gidan, kuma ya ɗauki abin da zafi, har tafiyarsa ta sauya. Ya jira na ajiye wayar.

“Kin ji ko? Mai ɗaukar hoton da bai iya ɗaukar hoto ba, shi zai riƙe mace? Abu ɗaya aka ba shi amana, ɗaya tal!”

“Yaya, tsautsayi ne…”

“Tsautsayi ya hana shi sa batir a caji? Ki gaya masa na ce kar in ƙara ganin ƙafarsa a gidan nan. In aure kike so, mutanen kirki ba su ƙare ba.”

Ban kare Ikrama ba. Ba tsoron Yaya ne ya hana ni ba, ni ma haushinsa nake ji har wuya. Saƙonninsa suka riƙa shigowa, “Ya jikin Mama?”, “Ihsan ki yi min magana ko zagi ne”, ina gani ina kife wayar.

A ofis, a Area 10, abokiyar aikina Precious ce ta gaji da ganina ina zuba wa jan allo ido. 'Yar Gbagyi ce, teburinmu ɗaya, tare muke cin gurasar rana. Ta jawo kujerarta ta karɓi linzamin kwamfutar daga hannuna.

“Ke Ihsan, wannan file bai mutu ba fa. Duba size nashi, yana da nauyi. Baban ki yana ciki.”

Yadda ta faɗe shi ya sa na kifa kai a tebur na yi kukan da ban yi ba tun ranar addu'ar uku. Ta bar ni na gama, sannan ta yi min bayani. Ashe kamara tana zuba hoto da sauti ne kawai tana tarawa, sai an danna tsayawa take rubuta bayanin da ke nuna wa kwamfuta inda komai yake. In wuta ta ɗauke kafin nan, kayan suna ciki amma ba jagora. Kamar ɗaki ne cike da kaya aka yi masa gini ba a fitar da ƙofa ba. Shekarun da na yi ina editin, ban taɓa cin karo da irinsa ba, ita kuwa ya taɓa faruwa da ita a wani taron coci.

“Akwai software da yake gyarawa,” ta ce. “Amma sai kin ba shi wani video mai lafiya, daga same camera, same setting. Da shi zai koyi hanya.”

“Ai ga sauran na bikin.”

Ta duba ta girgiza kai. “Wannan duka babban camera ne. Na Baba ƙaramin ne. Ki kira saurayin ki, madam. Fushi ba zai buɗe file ba.”

Na daɗe ina kallon sunansa a waya kafin na rubuta. Ban yi sallama ba ma, Allah ya yafe min. “Ina son bidiyo gajere daga ƙaramar kamarar, kar ka taɓa saitin.” Kafin in ajiye wayar amsa ta shigo: “Ban taɓa ta ba tun ranar. Ina zuwa.”

A ƙasan benen ofis ya same ni, gefen mai gasa masara. Shadda ruwan toka ce a jikinsa, wadda ya sa ranar jana'iza, duk ta yamutse, ƙurar Mpape har kan gashin idonsa. Ya rame shi ma. Na so in tambaye shi ko yana cin abinci, na haɗiye. Ya miƙo min memorin a naɗe cikin takarda.

“Ka ga batir yana ja, me ya hana ka sauyawa?” Abin da ya fito daga bakina ke nan.

“Ɗayan yana cikin jaka a bakin ƙofa.”

“To?”

“Ihsan, a durƙushe nake a gabansa, yana tsakiyar magana. In miƙe in ba shi baya in tafi neman batir? Da wani ne zan ce Alhaji a ɗan dakata. Mahaifinki ne fa. Na yi ta addu'a ya kai, bai kai ba.”

Ina so in ce aiki aiki ne, amma na san da ya miƙe ɗin, da ni ce ta farko da zan ce ba shi da kunya. Na juya zan hau sama ya kira sunana.

“In Allah ya sa ya buɗe, ki yi haƙuri da aikin. Ba irin wanda kika san ina yi ba ne.”

Ban tsaya tambayarsa ba, na ɗauka rawar hannu yake nufi.

Precious ta ɗora min manhajar gyaran, ta nuna min inda zan sa mai lafiyar da inda zan sa marar lafiyar. Ogammu yana ta zirga-zirga a kanmu saboda wani aikin da ake jira, don haka na bari sai na koma gida. Bayan la'asar na zauna a falo na jona laftof. Abin da Ikrama ya ɗauko don gwajin ba komai ba ne, bangon ɗakinsa ne kawai da ƙarar injin fasa dutse daga nesa. Na danna. Wani koren layi ya fara tafiya kamar ba ya so.

Ban ji fitowar Mama ba, sai ji na yi kujera ta motsa a gefena. Ta zauna da carbinta. Na so in ce ta koma ɗaki sai na fara dubawa, amma wa zai iya? Muka zuba wa layin nan ido mu biyu. Ya kai rabi ya tsaya, har na fara karanto duk addu'ar da ta zo bakina, sannan ya ci gaba. Da ya cika, sabon fayil ya fito. Na ja shi cikin manhajar editin.

Ba jan allo. Ya shiga.

Labulen falon Baba ne ya fara fitowa, mai ruwan ƙasa, hannu ya ɗaga shi. Sai farar jallabiyarsa, daga gwiwa zuwa ƙirji, kamarar tana hawa sama, saura kaɗan gemunsa ya fito. Sai muryarsa.

“A'a, Ikrama, kai ne? Bismillah, shigo.”

Mama ta damƙe hannuna har sai da na ji zafi. Ni kuwa ashe har na manta yadda yake jan “bismillah” ɗin nan.

Daga nan hoton ya yi ƙasa. Ikrama ya durƙusa gaisuwa, kamarar ta sauka tare da shi, kuma ba ta ƙara tashi ba. Jan kafet, gefen kujera, da ƙafafun Baba guda biyu. Na ja gaba, ƙafafu. Na ƙara ja, ƙafafu. Har ƙarshe. Mutumin da na sani yana hawa kan tebur a biki don ya samo fuskar ango, ya kasa ɗaga kamara ya saita fuskar surukinsa.

Duk wahalar nan, duk alƙawarin da na yi wa matar nan, ƙafa zan nuna mata?

“Mama ki yi haƙuri,” na ce ina kuka. “Bai ɗauki fuskar ba. Wallahi ban sani ba.”

“Mayar farko,” ta ce. “Ki daina tsallakewa.”

Na mayar. Baba yana yi wa Anti Kubra nasiha, ana jin shesshekarta a gefe. Yana cewa ta riƙe sallah, ta riƙe sirrin gidanta, in an ɓata mata ta yi magana kar ta ƙulla a ciki, don ya san halinta na shiru. Muryarsa ras, ko rawa babu, irin ta mutumin da ke karanta sanarwa. Mama ta matso da fuskarta dab da allon.

“Kin ga fason nan na diddigensa? Da safen ranar na shafa masa man kaɗe, yana ta faɗa wai zan ɓata masa jallabiya.” Ta sa yatsa a kan gilashin. “Kuka yake yi.”

“Mama, muryarsa fa lafiya lau.”

“Ke dai kalli babban yatsansa.”

Na kalla. Babban yatsan ƙafarsa na dama yana danna kafet, ya saki, ya danna, ya saki.

“Haka yake yi in abu ya ci shi ba ya so a gani. Haka ya yi ranar da aka zo da rasuwar mahaifiyarsa, yana ta ba mutane haƙuri, yatsan nan yana haƙa ƙasa. Washegarin bikin nan na tambaye shi, ya ce min shi ko a jikinsa, ai aure ta yi ba mutuwa ba.” Ta yi 'yar dariya, hawaye na sauka a kan hijabin. “Ka ji mutum. Ashe ƙarya kake min, Malam.”

Tun da aka yi rasuwar ban ji ta yi masa magana kai tsaye ba sai ranar. Na kwantar da kaina a kafaɗarta muka ci gaba da kallo, tana shafa allon da yatsa tana ba ni labarin farcen da ya cire tun yana saurayi a wurin ƙwallo.

Nasiha ta ƙare. Aka ji gwaggo tana cewa amarya ta tashi, gefen lafaya ya wuce ta gaban kamarar, kukan Anti Kubra ya yi nisa. Na kai hannu zan rufe, sai na ga akwai saura kaɗan. Ƙafafun Baba suka juyo, suka fuskanci kamarar sosai. Ya yi gyaran murya.

“Ikrama, dakata, kar ka fita. Matso nan. Dama ina neman ranar da zan gan ka kai kaɗai. Game da maganar Ihsan, na yi tunani, na kuma yi istihara, abin da nake so ka sani shi ne…”

Allon ya yi baƙi. Nan batir ya mutu.

Na mayar baya na sake kunnawa, ko Allah zai sa wata kalma ta fito. Na ƙara sauti har ƙarshe, na buɗe zanen muryar ina kallon inda ya yanke kamar an sa wuƙa. Babu. Abin da kamara ba ta ɗauka ba, ba manhajar da za ta dawo da shi.

Sai a lokacin na lura Yaya Sadisu yana tsaye a bayanmu da makullin mota a hannu, ban san tun yaushe ba. Idonsa ya yi ja. Mama ba ta ko waiwaye shi ba.

“Auta, kira min yaron nan.”

“Mama, na riga na ce kar ya…” Yaya ya fara.

“Na ji abin da ka ce, Sadisu. Sauran maganar mijina tana kunnen yaron nan, ba ta wurin kowa. Ko me ya faɗa, ina so in ji.”

Yaya ya sunkuyar da kai.

Ni kuwa tambaya ɗaya ce ke cina. Duk tsawon kwanakin nan, ana zaginsa, an hana shi gida, na daina ɗaga wayarsa, in da alheri Baba ya faɗa masa, me ya hana shi kare kansa da shi? Na kasa kira. Na rubuta: “Ya buɗe. Mun ji har inda ya yanke. Mama ta ce ka zo.”

Ya karanta nan take. Na ga yana rubutu, ya tsaya, ya sake farawa, ya sake tsayawa. Mama tana kallona, Yaya yana kallona, ƙafafun Baba suna nan a allon inda na tsayar da su. Sannan wayar ta yi ƙara.

“Ga ni nan zuwa in sha Allah. Zan faɗa wa Mama duk abin da ya ce, ba zan rage ko kalma ba. Amma don Allah Ihsan, kar ki zauna a wurin lokacin da zan faɗa.”